Tallan Google ko gyaran shafi: wanne mai shagon shadda zai fara?

Alhaji, ka ce ka buɗe wa shagonka na Kantin Kwari shafin intanet, amma in ka rubuta "shadda Kano" a Google ba ka ganin kanka. Wani ya ce ka biya talla, wani ya ce ka gyara shafin, abin da ake ce wa SEO. Ni dai gyaran zan ce ka fara, ga dalilina.

Talla, wato Google Ads, gwanjo ne. Kai za ka zaɓi kalmomin da kake so a gan ka da su, ka yanka abin da za ka kashe a rana, a riƙa cirar kuɗinka duk lokacin da wani ya danna, ko ya saya ko kallo kawai ya zo yi. Saurinsa ba a magana, da zarar an amince da tallan za ka iya fitowa a sama. Amma haya ce, ranar da kuɗi ya ƙare ka sauka. Kuma Google ya faɗa ƙarara cewa biyan talla ba ya ɗaga shafi a sakamakon da ba na kuɗi ba.

Gyara kuwa ba ka biyan Google ko kwabo. Lokacinka yake ci, sai an yi watanni kafin a ga tasirinsa, kuma babu mai iya yi maka alkawarin lamba ɗaya.

Me ake gyarawa? Da farko taken kowane shafi, layin nan da mutum yake dannawa a sakamakon bincike. Shagunanmu da yawa "Barka da zuwa" suke sawa, alhali babu mai neman barka da zuwa a Google. Ka rubuta "Shadda Getzner a Kano: kaloli da farashin yadi", kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, don in ya yi tsawo datse shi ake yi. Kowane irin kaya da shafinsa, na shadda daban, na atamfa daban, na leshi daban. Farashi da bayani a rubuce, ba a cikin hoto ba. Wannan ita ce babbar cutar masu sayar da kaya: a ɗauki hoton da aka yi wa WhatsApp, rubutu duk a jikinsa, a ɗora, a bar shafin fayau babu kalma ko ɗaya.

Sai nauyi. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait uku ko huɗu. In ka jera ashirin, mai ƙaramin data ya gudu tun kafin su buɗe. Ka rage musu nauyi, ka mayar da su WebP, wato nau'in hoto marar nauyi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma yadda shafin yake a waya yake dubawa, ba a kwamfuta ba. Shafin gwaji na Google, PageSpeed Insights, zai gwada maka kyauta. Search Console, wani shafin Google na masu shafuka, shi ma kyauta ne, shi zai nuna maka ko Google ya san da shafukanka, da ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har ka fito musu. A nan za ka ga masu sayenka Hausa da Turanci suke cakuɗawa, sai ka bi bakinsu.

In wani ya zo ya ce zai cika maka wurin kalmomin ɓoye na meta, waɗanda ake sawa a bayan shafi mai karatu ba ya ganinsu, ka sani tun 2009 Google ya ce ba ya amfani da su. Mai sayar da linki dubu, wato mahaɗai daga wasu shafuka zuwa naka, shi kuwa ka sallame shi, tun 2012 Google ya fito da wani tsarin tacewa mai suna Penguin don maganin irin wannan.

Inda biyun suka haɗu shi ne abin da ya sa na ce gyara a gaba. Wanda ya danna tallanka shafin nan dai zai faɗo. In yana da nauyi ko babu farashi, ka biya kuɗin dannawa a banza. Kuma a gwanjon ba mai tayi mafi tsoka kaɗai ke ci ba, ana duba ingancin shafin da tallan yake kaiwa, don haka shafi mai kyau yakan samu dannawa da rahusa.

Tallan ka ajiye shi sai kasuwa ta yi zafi, kamar tsakiyar azumi lokacin da ake rububin kayan sallah kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Ka taƙaita shi ga garuruwan da kake iya aika kaya, ka fara da kuɗi kaɗan.