Sharhi kan HLK-PM01, ƙaramin modul mai juya wutar soket zuwa bolt 5

Girmansa bai kai akwatin ashana ba: milimita 34 a tsawo, 20 a faɗi, 15 a kauri, an rufe shi ruf da baƙar roba. Ƙafafu huɗu gare shi, biyu na shigar wutar AC (irin ta soket), biyu na fitar DC (irin ta batir), an rubuta +Vo da −Vo a kansu. Yana karɓar bolt 100 zuwa 240, ya fitar da bolt 5, iyakar ƙarfinsa miliamfiya 600, wato wat 3. Na yi aiki da shi a kan allon lantarki da ke ɗauke da ESP8266 (ɗan ƙaramin cip mai haɗa na'ura da Wi-Fi) da rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), kuma a wannan aikin ya gamsar da ni. Ba ya yin ƙara, mitar awon wuta na tsayawa daf da bolt 5, ɗuminsa kuma bai wuce wanda yatsa zai jure ba.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne wurin lissafin lodi. Rile ɗaya mai bolt 5 yana jan kusan miliamfiya 70. ESP8266 kuwa, a zaune ba ya cin wuta sosai, amma lokacin da yake aika saƙo ta Wi-Fi yakan yi tsalle zuwa wajen 300. Rile biyu da shi sun kai 440, akwai sauran sarari. Rile huɗu kuwa 580 ke nan, an zo bakin gaɓa. A nan ne bolt ɗin ke faɗuwa na ɗan ƙiftawar ido, allon ya mutu ya sake tashi, mai shi ya yi ta zargin manhaja alhali wuta ce ta gaza. Maganinsa kapasita (abin da ke riƙe ɗan caji ya sake shi in wuta ta ja baya) mai maikirofarad 470 a bakin fita, da ƙaramar ta yumɓu mai 0.1 kusa da ƙafar ESP8266. In lodin ya haura kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin modul ɗin, gara a koma modul HLK-5M05 mai amfiya 1.

Abin da na fi so mai saye ya riƙe shi ne, wannan ba cajar waya ba ce da za a soka a manta. Takardar bayanan kamfanin Hi-Link, mai ƙera shi, ta nemi a sa masa kariya daga waje: fis mai amfiya 0.5 na bolt 250 a kan layin wuta, baristo (abin da ke tare tsallen wuta) mai lamba 10D561K tsakanin layukan biyu bayan fis ɗin, sai kapasitar kariya mai 0.1 ta bolt 275. Tsarin jerin na da dalili. Idan wuta ta yi tsalle, baristo ne ke shanye ta, in kuma abin ya fi ƙarfinsa ya kan haɗe layukan biyu, sai fis ya tsinke. Wanda ya sa baristo ba fis ya ajiye abin da zai iya kama wuta.

Sai batun allon kansa. Wutar bolt 230 idan aka miƙar da ita, wato aka mai da ita DC, takan kai wajen bolt 325, don haka a bar tazarar aƙalla milimita 6 tsakanin layukan AC da na DC, in da hali a yanka tsaga a tsakani. Ɗan ɗigon dalma ko danshi a wurin ya isa ya kai wutar soket har ɓangaren da hannu ke taɓawa. Kada kuma a cusa shi cikin akwati marar iska, domin duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwar kapasitocin da ke ciki.

Akwai jabunsa, kuma kamanninsu ɗaya da na ainihi, sai dai rubutun wasunsu a dushe yake. Tunda a rufe yake ba a ganin ciki, gwaji ne kaɗai ke raba gardama. A haɗa rizista (abin da ke taƙaita yawan wutar da ke wucewa) mai om 10, wat 5, a bakin fita, zai ja miliamfiya 500. A bar shi awa guda, mita na manne da shi. Wanda ya zame ƙasa da bolt 4.8, ko ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ko ya fara tsuwa siririya, kada ya hau allo.