Sashen duba maza a wata cibiyar neman haihuwa da ke Abuja

Cibiyoyin da ke taimaka wa ma'aurata wajen neman haihuwa sun yawaita a Abuja da Legas, kuma yawancin tallar da suke yi mata suke nufa da ita, alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri, akwai hannun matsalar miji a ciki. Wannan sharhi ya shafi sashen maza na wata cibiya mai zaman kanta da ke Abuja, inda aka duba ni bayan ni da mai ɗakina mun daɗe muna jira.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙa'idarsu ta cewa ba za a ɗora mace a kan wani magani ba sai an auna maniyyin mijinta. A wurinmu an saba mace ce ke yawon asibiti da gidajen masu magani, ita ce ake kira juya a bayan idonta, wani lokaci har a yi mata kishiya, ba tare da kowa ya ce wa maigidan ya je a duba shi ba. Awon namiji kuwa shi ne mafi sauƙi da araha a duk gwaje-gwajen da ake yi, ba allura, ba tiyata.

Kafin ranar awo ana bai wa mutum takardar umarni: ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya tara maniyyin gaba ɗaya a robar da suka ba shi, kuma idan daga gida zai kawo, to ya iso ɗakin gwaji cikin awa guda ba tare da ya sha zafi ko sanyi ba. A gabana ma'aikaciyar ta rubuta sunana da lamba da lokaci a jikin robar, ta kuma sa na karanta na tabbatar kafin ta karɓa. Sun san cewa maza da yawa suna da damuwa ta addini game da yadda ake fitar da maniyyin, don haka suna barin mutum ya zo da matarsa, ko su ba shi wani kwaroron roba na musamman, domin na kasuwa yana iya kashe ƙwayoyin maniyyin.

Inda cibiyar ta fi cancantar yabo shi ne bayanin sakamako. Jami'in ɗakin gwajin ya nuna mini allon da aka haɗa da na'urar hangen ƙananan halittu, na ga wasu ƙwayoyin suna tafiya gaba kai tsaye, wasu suna kewayawa wuri guda, wasu kuma ko motsi ba sa yi. Daga nan likita ya ɗauki takardar ya bi ta layi-layi, yana gwada ta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021: yawan ruwan ya kai mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 a jimlace, kashi 42 cikin ɗari su kasance masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba, sannan aƙalla kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Ya kuma yi mini bayanin da ban taɓa ji a wani wuri ba, cewa waɗannan alƙaluma an ɗauko su ne daga ƙasan jerin mazan da matansu suka yi ciki cikin shekara guda, saboda haka wanda ya ɗan gaza su yana iya haihuwa, wanda ya wuce su kuma ba tabbaci aka ba shi ba. Ba sa yanke hukunci da awo ɗaya. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala, kuma zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro, yana iya rage yawanta na tsawon makonni, shi ya sa sukan sake awon bayan kamar wata uku.

Likitan bai tsaya ga takarda ba. Ya tambaye ni ko na yi hangum bayan balaga, ko ciwon sanyi, ko tsargiya, ko an taɓa yi mini aikin gwaiwa, ya tambayi batun taba da irin sana'ata, domin yawan zafi yana cutar da maraina. Ya duba ni a tsaye don neman kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ya fi faruwa a ɓangaren hagu, ana samunsa a kusan kashi 15 cikin ɗari na maza, kuma tiyata tana gyara shi. Gargaɗin da ya fi jaddadawa ya shafi magungunan ƙarfin maza. Kuzarin namiji a shimfiɗa abu ne daban, ingancin ƙwayoyinsa abu ne daban, kuma allurar sinadarin testosterone da wasu ke yi don ƙarin kuzari tana dakatar da samar da maniyyi, wani lokaci har awo ya nuna babu ƙwaya ko ɗaya.

Sun jera mini hanyoyin magani daga ƙasa zuwa sama: gyaran rayuwa da maganin cuta idan akwai, sai wanke maniyyi a zuba shi cikin mahaifa, sai haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato IVF, sai kuma ICSI, inda ake ɗaukar ƙwaya guda a cusa ta cikin ƙwan mace da siririyar allura. An fara samun haihuwa ta wannan hanya ta ƙarshe a 1992 a Burasel ta ƙasar Beljiyam, kuma ita ce ta buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu ba su da yawa, har da waɗanda sai an ciro musu daga maraina kai tsaye. Na tambayi yadda suke kiyaye nasaba, domin fatawar da aka bayar a Masar tun 1980, wadda malaman Sunna suka tafi a kanta, ta halatta aikin ne tsakanin miji da matarsa kaɗai yayin da aure yake nan, ta haramta maniyyin wani. Amsarsu ita ce ma'aikata biyu ne ke tabbatar da suna a kowane mataki, kuma na ga an yi hakan a gabana.

Akwai abubuwan da ya kamata su gyara, kuma ba ƙanana ba ne. Ɗakin bayar da maniyyi yana kallon zauren jira, ana kuma kiran sunan mutum da ƙarfi a gaban jama'a, abin da ya isa ya sa mai kunya ya juya ya tafi bai dawo ba. Takardun umarni da na sakamako duk da Turanci suke, kuma ban tarar da mai fassara a sashen ba, duk da cewa da yawa daga cikin waɗanda muka zauna tare Hausa suke yi. Ban ji daɗin yadda kantin maganinsu ke matsa wa kowa ya sayi ƙwayoyin ƙarin sinadarai masu tsada ba, bayan likitan da kansa ya faɗa mini cewa hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi.

Batun kuɗi shi ne babban ƙorafina. Farashin da ake faɗa da farko bai haɗa da alluran da za a yi wa mace ba, da kuɗin ICSI, da na daskarar da maniyyi ko 'ya'yan tayi, sai an yi nisa ake jin su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma adadin nasarar da suke tallatawa na matan da gwaji ya nuna sun ɗauki ciki ne, wanda a kullum ya fi adadin waɗanda suka haihu lafiya. Duk mai niyyar zuwa ya nemi cikakken lissafi a rubuce kafin ya biya ko sisi, ya kuma tambayi yawan jariran da aka haifa ga mata masu shekarun matarsa, domin ko da matsalar ta miji ce, shekarun mace suna da babban tasiri a kan nasarar IVF.