Sammacin Bajiniya ya kusa riga ni isa gida

'Yan uwa na gida masu turo min saƙo cewa da ku ne a kan titunan Amurka sai kun ƙure maleji, yau ga labarin wanda bai ma ƙure ba, ɗan taka totur kawai ya yi, kuma har yanzu yana biya.

Shekarata tara a Nuwak, jihar Niyu Jazi, ban taɓa karɓar tikitin komai ba in ba na fakin ba. Bara da bazara surukina ya zo daga Kano ganin jikokinsa, sai aka yi haihuwa a gidan wani abokina ɗan Maraɗi da ke Girinsboro, a Arewacin Karolina, garin da 'yan Nijar suka yi wa kaka-gida har za ka ji Hausa da Zabarmanci a bakin shago. Tafiyar kusan awa tara ce. Muka tashi bayan asubar Juma'a, Baba a gaba, maiɗakina da yara a baya. Da muka wuce Pitasbag a jihar Bajiniya muka hau babbar hanya mai lamba 85, titi ya miƙe fetal, daji hagu da dama. Babu rami, babu shingen bincike, babu tirelar da ta lalace aka zuba mata ganye a baya. Baba yana ba ni labarin yadda suke zuwa Kaduna a da, ni kuma ƙafata tana ƙara nauyi ban sani ba. Sai na ga fitilu shuɗɗa suna walƙiya a madubi.

Na gangara gefe na tsaya. A nan ne Bakanon da ke jikina ya farka. Shekara tara ina jin ana cewa kada ka fita daga mota idan ɗan sanda ya tsayar da kai, amma a gaban suruki, tarbiyya ta ce min ba a zama a kujera a jira hukuma ta tako ta same ka. Na buɗe ƙofa, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ina shirin zuwa in gaishe shi. Wata tsawa ta fito daga lasifikar motarsa, wai in koma ciki, in rufe ƙofa, in ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari. Na hango hannunsa a ƙugu. Motar ta yi tsit, har ƙaramar da take ta rigima tun jihar Merilan ta haɗiye kukanta.

Baba ya ce, "Malam, me ya ce?"

Na ce, "Baba, cewa ya yi in zauna."

"To ai ba sai ya ɗaga murya ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Magidanci da furfura ta fara fito masa, an daka masa tsawa kamar yaron mota, gaban surukinsa da 'ya'yansa. Abin mamaki kuma, da mutumin ya ƙaraso tagar, da ladabi ya yi magana. Ya faɗi sunansa, ya ce na'urarsa ta kama ni ina gudun mil 88 a inda doka ta ce 70. A lissafinku na gida, wajen kilomita 142 ke nan a awa, gudun da direban Sharon ɗin Kano zuwa Abuja yake yi yana cin gyaɗa. Ya karɓi lasin da takardar mota da ta inshora ya koma. Yana juya baya Baba ya zura hannu a aljihun babbar riga, ya ce, "Malam, ka ba shi haƙuri mana, ka ce masa suna za mu. Ko a ɗan ba shi na goro?" Maiɗakina ta ce, murya na rawa, "Baba, don girman Allah ka fito da hannunka." Ba ta taɓa yi wa mahaifinta magana da wannan muryar ba. Laluben aljihu gaban ɗan sandan Amurka kaɗai ya isa ya jawo abin da ba a fata, balle a miƙa masa kuɗi, kyamara tana ɗauka.

Na zaci takardar tara zai kawo, in biya ta intanet a wuce wurin. Ya kawo sammaci. Babu adadin kuɗi a jiki, sai ranar zaman kotu. A Bajiniya, duk wanda ya haura mil 85 a awa, ko ya ɗora mil 20 a kan abin da allo ya ce, tuƙin ganganci ya yi, kuma tuƙin ganganci a can laifi ne da ake shiga kotun masu laifi a kansa. Iyakar hukuncinsa ɗaurin wata 12, tarar dala 2,500, da dakatar da tuƙi har wata shida. Kafin watan Yulin 2020 ma mil 80 ce iyakar. Mil uku kacal na ɗora a kan 85 ɗin. Ya ce sa hannuna ba amsa laifi ba ne, alƙawari ne cewa zan zo kotu. Na sa, hannu na kakkarwa.

A wurin suna labari ya bazu kafin a raba waina. Wani matashi ya ce, "Yaya, ai ba jiharka ba ce, ka yayyaga ka zubar, wa ya san ka a can?" Har na fara jin sanyi, don ni ma haka zuciyata take raya min. A gida wanda 'yan KAROTA suka kama a Kano, in ya tsallaka Jigawa ai ya zama sabon mutum. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya shekara ashirin yana jan tirela a ƙasar nan ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, kar ka biye wa yaron nan. Takardar nan ƙafa gare ta."

Gaskiyarsa. Tun farkon shekarun 1960 jihohin Amurka suka ƙulla wata yarjejeniya da suke kira Driver License Compact, wadda manufarta ita ce direba ɗaya, lasin ɗaya, kundi ɗaya. Kusan dukkansu suna ciki. 'Yan kaɗan irin su Jojiya da Mishigan da Wiskonsin ne a waje, su ma ba a dogara da shirunsu. Da zarar kotu ta same ka da laifi a wata jiha, ko ka biya tarar da kanka, wanda shi ma amsa laifi ne, sai a aika wa hukumar lasin jiharka. Akwai kuma yarjejeniya ta biyu da yawancin jihohi suke ciki, ta waɗanda suka yi kunnen uwar shegu da tikiti: jihar da ta ba ka lasin ita za ta dakatar da shi har sai ka koma ka wanke kanka. Nawa kuwa da yake sammaci ne, in ban je ba alƙali zai iya yanke hukunci a bayan idona, ko ya ba da takardar a kamo ni, in zauna da ita a wuya duk ranar da na sake bi ta hanyar.

Abin da jiharka za ta yi da labarin ya danganta da inda Allah ya ajiye ka. Mu a Niyu Jazi, duk laifin tuƙin da ka yi a waje maki 2 ake rubuta maka. In maki ya kai 6 cikin shekara uku sai jiha ta fara karɓar wani kuɗi na daban a hannunka, in ya kai 12 a dakatar da lasin. Maƙwabtanmu na Niyu Yok ba a sa musu maki kan gudun da suka yi a wata jiha, amma ana sa musu in a Ontariyo ko Kibek ta Kanada suka yi. Ka ji wani ikon Allah, ƙasar waje ta fi jihar maƙwabta shiga kundinsu. Jojiya kuma tana da nata salon: ka kai mil 85, ko 75 a hanya mai layi biyu, bayan ka biya kotu ka ɗauka an gama, sai wata wasiƙa ta biyo ka gida da ƙarin dala 200, ko daga ina lasinka ya fito.

Dattijon ya ce su masu lasin manyan motoci abin ya fi musu tsanani. Ɗora mil 15 a kan ƙa'ida babban laifi ne a wurinsu, biyu cikin shekara uku a hana ka jan mota kwana 60, kuma dole ka sanar da kamfanin da kake wa aiki cikin kwana 30 ko da a motarka ta gida aka kama ka. Masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya su ma ana duba kundinsu a kai a kai, kalmar ganganci kaɗai ta isa a rufe wa mutum hanyar abinci. Sai ya rage murya ya tambaye ni ko na karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Na ce tana hanya. Ya ce to in tuna a fom ɗin akwai inda ake tambaya ko hukuma ta taɓa kama ka ko ta rubuta maka sammaci. A daren nan naman suna bai wuce min maƙogwaro ba.

Na ɗauki lauya a can, dala 700. Ya sa na je hukumar lasin jiharmu na karɓo kundin tuƙina mai hatimi, na kai mota aka auna maleji ko yana ƙarya, na zauna ajin gyaran tuƙi na awa takwas ina kallon hotunan haɗari kamar ɗan firamare. Ranar shari'a na ɗauki hutu, na sake tuƙa awa shida zuwa wani ɗan gari da bai fi ƙauyenmu girma ba. Rabin mutanen da ke zauren baƙi ne irina, kowa da lambar wata jiha a motarsa a waje. Shari'ata ba ta kai minti huɗu ba. Alƙali ya duba kundi ya ga shekara tara fes, ya mayar da laifin gudun wuce ƙa'ida na yau da kullum. Tara da kuɗin kotu ba su kai dala 200 ba. Na fito ina hamdala, na kira gida na ce an gama.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan 'yan makonni maki biyun suka bayyana a kundina na Niyu Jazi. Wannan bai dame ni ba, don akwai ajin da in ka yi ake cire maka biyu, in kuma ka shekara ba ka yi laifi ba a cire uku. Wanda bai san yafiya ba shi ne kamfanin inshora. A nan duk wata shida ko shekara ake sabunta inshora, kuma lokacin sabuntawa kamfani yana iya janyo kundinka ya karanta. Su ba ruwansu da makin gwamnati, laifin da aka rubuta suke kallo, su kuma yi nasu lissafin. Takardata ta zo: daga dala 1,140 a wata shida zuwa 1,420. Rangwamen direba mai tsabtar kundi da nake ci shekara da shekaru ya tafi, ga ƙari a kai. Na kira su, wata mata mai daɗin murya ta saurare ni har na gama, na faɗa mata shekara tara, na faɗa mata a wata jiha ne, na faɗa mata alƙali ma ya sassauta. Ta ce ta fahimta ƙwarai, amma na'ura ce take fitar da farashi, kuma sai laifin ya shekara uku zai daina tasiri. Na zagaya wasu kamfanoni, kowa ya buga lambar lasina sai Bajiniya ta leƙo. Dala 280 sau shida, ku haɗa da kuɗin lauya da mai da ranar aikin da na rasa, ku kai Wapa a buga muku da canjin yau.

Ranar na yi kewar gida sosai. Na yi kewar ƙasar da kalmar haƙuri take da daraja, inda in ka ce wa ma'aikaci ga surukina a mota zai leƙo ya ce "Baba sannu da hanya" ya miƙo maka takardunka. A nan ba ka da fuskar da za ka roƙa. Kuma kada ku ɗauka tsarin adalci ne zalla. Mai kuɗi ya biya lauya ko kotun bai taka ba, talaka da motarsa ce gonarsa shi ne yake shan wuya. Tun kafin ka yi laifi ma, unguwar da kake kwana tana cikin abin da ake yanka maka farashi da shi, mu na Nuwak mun fi na ƙauyukan masu hali biya.

Amma in na tuna yadda muke yi, sai bakina ya mutu. Inshorar da akasarinmu muke yawo da ita a gida ta naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kafin nan 5,000, kuma wanda ya taɓa kashe mutum da mota da wanda bai taɓa taka ko kaza ba kuɗinsu ɗaya. Da yawa ma a gindin bishiya ake buga musu takardar, don a nuna a shinge kawai, ba wanda ya taɓa tunanin zuwa karɓar diyya da ita. Hukumar kiyaye haɗura tana nan tun 1988, a takardar laifukanta har maki aka rubuta wa kowane laifi, amma ku faɗa min wanda kuka sani da maki ya raba shi da lasinsa. Direba ya zubar da fasinja goma sha takwas a hanyar Zariya, a ce tsautsayi, a yi sadakar uku, wata mai zuwa yana tasha yana lodi da wata motar. Ni kaina da nake wannan surutu, duk zuwan da na yi gida sai na taka fiye da abin da aka kama ni da shi a Bajiniya, a kan titin da awaki suke tsallakawa, ba kuma wanda ya taɓa rubuta sunana.

Baba ya koma Kano tun kaka. An ce a majalisarsu ta ƙofar gida ya ba da labarin ya fi sau goma, kuma a bakinsa ɗan sandan ya zama soja, tsawar ta zama harbi sama. Duk ranar Juma'a in mun yi waya, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, ya maganar shari'ar nan, an kashe ta?" In ce masa an kashe, Baba, tuntuni. Ban san yadda zan yi masa bayanin cewa saura sabuntawa huɗu ba.