MIDI-OX ta gano min abin da ke karkatar da sauti

Duk mai haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta ya kamata ya ajiye MIDI-OX a injinsa. 'Yar ƙaramar manhaja ce ta Windows, ba ta yin kiɗa, ba ta fitar da sauti. Aikinta ta nuna maka duk saƙon da fiyano ke turawa kwamfuta, layi bayan layi.

Matsalar da ta kai ni gare ta ta ba ni wahala ƙwarai. Sai na buga kiɗa daidai, in na sake saurara sai na ji wasu wuraren sun haura, ba su hau kan muryar mawaƙi ba. Abin kuma ba kullum ba, yau lafiya, gobe ya dawo. Na duba tiransifos, wato saitin ɗaga sauti ko sauke shi, a fiyano da cikin manhajar haɗa kiɗa, duka suna kan sifiri.

A tsarin MIDI, wato yaren da fiyano ke magana da kwamfuta da shi, kowane maɓalli yana da lambarsa, daga 0 zuwa 127, C na tsakiya shi ne 60. Da na danna shi, MIDI-OX ta nuna 60 cif. Ke nan fiyano ba ya sauya maɓalli. Amma ina ɗauke hannu sai ga saƙonni suna ta kwararowa daga dabaran nan na gefen hagu mai lanƙwasa sauti, alhali ba wanda ya taɓa shi. In yana hutawa a tsakiya, 8192 ya kamata ya bayar, nawa kuwa sai yawo yake sama da haka. Yawancin sautuka an saita su dabaran ya ja su rabin mataki biyu sama ko ƙasa (rabin mataki shi ne tazarar da ke tsakanin maɓalli da na kusa da shi), shi ya sa karkacewar ta yi kama da sauyin ki. Ƙurar hunturu ce ta cika cikinsa. Mai gyara ya buɗe ya wanke, ni kuma na goge waɗancan saƙonni daga kiɗan da na riga na ɗauka, komai ya koma mazauninsa.

Fuskar MIDI-OX irin ta da ce, kuma da farko za ka ga lambobi gauraye da haruffa, kamar 3C a maimakon 60, sai ka sauya a saiti. Gara ka rufe manhajar kiɗanka kafin ka buɗe ta, don sau da yawa manhajoji biyu ba sa iya riƙe fiyano ɗaya lokaci guda.

Abin da ba MIDI ba kuwa, ba ta ganinsa. In an ɗauki murya a 44,100, wato adadin gutsattsarin sautin da ake ɗauka a kowace daƙiƙa, aka kunna ta a 48,000, za ta haura kusan rabin mataki ɗaya da rabi, ta kuma ƙara sauri. Wannan sai ka duba saitin katin sauti. MIDI-OX kyauta ce ga mai amfanin kansa, masu situdiyon kasuwanci kuma su karanta sharaɗin lasisinta kafin su ɗora.