Aikin inji ya yi kyau, amma cire mastabak da aka yi mini ban yafe ba

Tsohuwar Hilux ɗina ta fetur ce, shan mai ya ishe ni, na kai ta wani gareji nan Garwa aka sa mata injin gazuwal 3L na hannu. Maganar gaskiya, ta fannin inji bakaniken ya iya aiki. Mota tana tashi bugu ɗaya da asuba, ba ta zafi, kuɗin mai ya ragu sosai. Da a nan ya tsaya, da yau ina tura masa mutane.

Ranar karɓar mota na ga mastabak ɗina, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, ajiye a ƙasa, an ɗaure masta, famfon da ke tura man birki, kai tsaye da wani farantin ƙarfe da aka yanka. Na tambaya, ya ce: "Alhaji, wannan ba ya aiki da gazuwal, nauyi ne kawai. Birki zai ɗan yi tauri, ƙafa za ta saba." A cikin gari da mota babu kaya, taurin ya dame ni amma tana tsayawa.

Sai da na ɗauko buhunan masara daga Ngaundere na san abin da aka yi mini. Duk direban da ke bin hanyar nan ya san gangaren dutsen da ake kira falez kafin a kai Mbe, kwana kan kwana, ga manyan motoci suna rarrafe. Na taka birki, feda kamar dutse. Na tashi daga kujera na danne da duk ƙarfina, hannuwa biyu riƙe da sitiyari, mota tana ci gaba da gangarawa bayan wata tirela. Yaron motata sai salati yake. Giya ta biyu da na samu na cusa, da birkin hannu da na riƙa ja a hankali, su Allah ya sa suka tsayar da mu. Da na sauko ƙafata ta dama rawa take, na daɗe a bakin hanya ban iya magana ba.

Wani dattijon bakanike ne ya buɗe mini ido daga baya. Injin fetur yana zuƙar iska, da wannan zuƙar mastabak yake ninka ƙarfin ƙafa. Na gazuwal ba ya ba da ita, shi ya sa ake haɗa masa ɗan famfo, a 3L yana manne a bayan altaneta. Nawa an sa masa altaneta marar famfo, maimakon a nemo mai famfon sai aka cire mastabak gaba ɗaya. Ya ce masu motocin tsere suna cirewa, amma sai sun canja wurin da sandar masta take kama feda, don ninkin ƙarfin feda ya tashi daga kusan 4 bisa 1 zuwa wajen 6 bisa 1, su kuma sa masta mai ƙaramin baki. Ni ba a taɓa ko ɗaya ba. Kuma su ba sa ɗaukar masara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na koma na faɗa wa bakaniken farko, dariya ya yi, wai lodi na yi da yawa. Mastabak ɗin nawa ma ya ce bai san inda yaransa suka kai shi ba. Ni na sake sayen wani, da altaneta mai famfo, da tiyo mai bawul, duk daga aljihuna.

Yanzu in na kashe inji na taka feda har ta yi tauri, na riƙe na tayar, sai in ji ta ɗan nutse, alamar yana aiki ke nan. Inji kam har gobe ban ga laifinsa ba. Amma mutumin da ya sake ni kan falez da wannan birki, ko canjin man birki ba zan ƙara ba shi ba.