NUKEMAP: shafin da nake ba duk mai wayar da kai kan makaman nukiliya shawarar ya gwada

Jama'a duk wanda yake fafutukar a kawar da makaman nukiliya ya san matsalar, kana fara ambaton kilotan da megatan, wato ma'aunin ƙarfin bam, sai ka ga mutane sun fara hamma, maganar ta musu nisa. To shi wannan shafin NUKEMAP maganin wannan yake yi. Wani masanin tarihi a Amurka, Alex Wellerstein, ya buɗe shi a 2012, kuma kyauta ne, ba rajista ba komai, a waya ma yana buɗewa.

Taswira ce, ka ja alama zuwa duk garin da kake so, ka zaɓi girman bam, ka danna jan maɓallin tayar da bam ɗin sai da'irori masu launi su bazu a kan unguwanni. Ta tsakiya ƙwallon wuta ce, koriya tururin guba, akwai ta inda gine-gine za su rushe, sai ta inda fata za ta ƙone ƙurmus. In ka sa bam ɗin Hiroshima na 1945, mai kilotan 15, wanda ya hallaka kusan mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar, sannan ka canza zuwa Tsar Bomba da Tarayyar Sobiyet ta gwada a 1961 mai megatan 50, wato kilotan 50,000, wallahi sai ka yi ta rage girman taswirar kafin ka ga bakin da'irar, a nan ne jikin mai kallo yake yin sanyi. Har iska za ka iya juya wa ka ga inda ƙurar gubar za ta nufa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda za a yi aiki da shi. Ɗauki hoton allon ka buga fosta, ko ka haska a bango wurin taro ka ce kowa ya nuna inda makarantar 'ya'yansa ta faɗa, mawaƙa da masu wasan kwaikwayo su ɗora daga nan. Daga nan ne maganar ƙasashe 9 da ke riƙe da kusan makamai 12,000 take shiga kunne.

Amma fa yana da gibi. Da Turanci yake, dole sai da mai bayani a gefe. Adadin mamatan da yake bayarwa kiyasi ne na fashewar kanta, waɗanda guba za ta ci daga baya ba sa ciki. Kuma abin da ya fi damuna, lambobi ne zalla ba fuska ba suna, yaro zai iya mai da shi gem yana ta tarwatsa garuruwa yana dariya. Shi ya sa nake ganin kar a nuna shi shi kaɗai, a haɗa da labaran waɗanda suka tsira daga Hiroshima da Nagasaki, ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ma ta ci kyautar Nobel a 2024, sannan a faɗa wa mutane akwai yarjejeniyar haramta makaman da ƙasashe 122 suka amince da ita a 2017 ta fara aiki a 2021, kowa ya bincika ko ƙasarsa ta sa hannu, in ba ta sa ba ya san wa zai tambaya.

Tauraro 4 cikin 5 na ba shi. Data kaɗan yake ci, amma a kwamfuta ya fi daɗin aiki saboda faɗin allo.