Blender 4 da fatar mutum: abin da na gani a Principled BSDF

Duk mai ƙera mutane a kwamfuta ya san inda gizo ke saƙar. Za ka gama fuska tsaf, ido da gira da gashi, amma da ka fitar da hoton sai fata ta tona maka asiri. Dalili kuwa, haske ba ya tsayawa a saman fata. Yana ratsawa ciki, ya yi yawo, ya ɓullo ta wani wuri kusa. Shi ya sa kunnen mutum ke yin jajir idan rana tana bayansa.

Tun fitowar Blender 4.0, manhajar ƙera siffofin 3D, a Nuwamban 2023 nake aiki da sabon Principled BSDF, wato sashen da ake saita yadda haske ke mu'amala da jikin abu, kuma gaskiya an yi gyara mai ma'ana. An cire launin ƙarƙashin fata da a da ake saitawa daban, yanzu daga ainihin launin da ka shafa yake ɗauka. Zurfin da haske ke shiga kuma an mayar da shi awon mita, wanda ya sa lissafi ya zo da sauƙi. Sai dai a lura: a Blender 4 zurfin yana zuwa a kan 0.05, wato santimita 5, ana ninka shi da 1.0 ga jan haske, 0.2 ga kore, 0.1 ga shuɗi. Wannan ya yi wa fuska yawa. Idan ka bar shi haka, hanci da kunne za su koma kamar an ƙera su da kakin kyandir, layukan goshi duk su narke. Ni ina sauke shi zuwa 'yan milimita, in sa fitila a bayan kunne, in riƙa ƙarawa a hankali har jan ya tsaya a gefen kunnen kawai. Kafin nan ka tabbata girman siffar daidai yake da na mutum na gaske, in ba haka ba awon ba zai yi amfani ba.

Cikin hanyoyi 3 da ake da su na lissafin yawon haske a cikin fata, Random Walk Skin na fi so nesa ba kusa ba, don yana barin ƙananan ramukan fata da tamojin gefen ido su fito. A Cycles kaɗai yake aiki, wato ɗaya daga cikin injinan fitar da hoto na Blender, kuma yana cin lokaci. Ɗaya injin, EEVEE, na duba aiki ne cikin sauri.

Inda nake da ƙorafi shi ne baƙar fata, kuma abin yana damuna. Sinadarin melanin da ke saman fata yana shanye haske da yawa kafin ya nutsa, saboda haka sheƙi ne ke zana kamannin fuskar: goshi, karan hanci, ƙashin kunci. Rage hasken launi kawai ba ya isa, fatar takan fito toka-toka, ba rai. Dole ka zana taswirar kaushi da hannunka, wato hoton da ke nuna inda fata ke da kaushi da inda take da santsi, goshi ya fi kumatu santsi, ka ɗora siririn shafe a sama don maiƙon fata, sannan ka dawo da ɗan ja da ruwan ƙasa da AgX, tsarin nuna launuka na Blender, ke dusashewa. Idan ka yi haƙuri, sakamakon yana da kyau ƙwarai.

Abin da ya ba ni mamaki, Principled Hair BSDF na gashi yana da wurin saita yawan melanin kai tsaye. Fata ba ta samu irin wannan ba, alhali ita ta fi buƙatarsa, kuma ina fatan masu Blender za su sa shi.